Kawun da Ya Hana Iyaye Zuwa Bakin Gulbi

Ranar da muka je gaisuwar Kawu a Argungu, na zauna cikin mata tun hantsi har la'asar ina jira in ji wadda za ta ce marigayin mai sauƙin kai ne. Ba wadda ta yi wannan ƙaryar, kuma na gode musu. Abin da aka fi faɗa shi ne, "Allah shi jiƙan shi, mutum na mai riƙon amana." Sai wata ta ƙara da, "amma hwa bai yarda da kowa ba." Wata tsohuwa daga Gulma, wadda suka yi maƙwabtakar gona shekara da shekaru, ta ce ko ruwa ta miƙa masa sai ya ɗaga ƙwaryar ya leƙa ƙasanta kafin ya sha. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, har da Inna, matarsa, da ke zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu.

Kawu wan mahaifiyata ne. Manomin albasa ne, kuma ɗan masunta, amma ba don albasa ko kifi aka cika gidan ba. Yawancin waɗanda suka zo, maza da mata, shi ya koya musu iyo suna yara. Wani magidanci da furfura a gemu ya tsaya daga bakin zaure ya yi wa Inna gaisuwa. Ya ce shekarar da jirginsu ya kife a hanyar kasuwa, abin da ya fid da shi shi ne tsawar Kawu da ya ji a kunnensa, alhali Kawu yana can gida.

Ana cikin haka maigidana ya shigo gaishe da Inna. Tela ne a Birnin Kebbi, mutum ne marar yawan magana. Yana durƙusawa na ji raɗa ta tashi a bayana.

"Ba wanga na telan da ba su magana da marigayi ba?"

"Shi na. Amma an ce ya aika an kira mai shi kahin shi cika. Sun daɗe cikin ɗaki, ƙohwa ruhe."

"Mi yab ba shi?"

"Wa yas sani? Ko hwadama, ko abin ruwa."

Na yi kamar ban ji ba, amma zuciyata ta sosu, domin ni ma da nake matarsa ban san abin da aka faɗa a ɗakin nan ba. Na tambaya, ya ce mini jikin tsoho ya je dubawa. Shekara da shekaru muna tare, na san lokacin da yake ba ni rabin magana.

Sai ga Autata ta kutsa cikin mata ta haye cinyar Inna, ta wangale baki tana nuna mata giɓi. Haƙorinta na gaba ya fita a makon da Kawu ya kwanta. Ta ce, "Inna, duba, ya hita. Wa ka kai ni gulbi bana?" Inna ta rungume ta, sai a lokacin na ga hawayenta. Wanda ba ɗan gidanmu ba ba zai gane abin da yarinyar take tambaya ba, don haka bari in yi bayani, in kuma rubuta abin da na sani game da mutumin nan kafin a gyara shi a mayar da shi wani salihi da ba mu sani ba.

Duk shekara, idan aka yi hutun makaranta na bazara, zafi ya tsananta, ruwan gulbi ya ja baya, Kawu yakan tara yaran dangi, na Argungu da na Birnin Kebbi, ya tafi da su tungarsa. Tungar 'yan bukkoki ce ta zana a kan tudun yashi, can gaba da gonarsa ta albasa. A ƙafa ake zuwa. Ana fita bayan sallar asuba, kowane yaro da tabarmarsa a ka da kwanonsa a hannu, kayan abinci kuma a amalanke. Ana ratsa gonakin shinkafa da aka riga aka yanke, a bi gefen fadama inda injinan ban-ruwa suke ta ƙara, a huta a gindin goruba a ci ƙuli da albasa. A tunga ana kwana har hutun ya kusa ƙarewa. Da safe iyo, da rana inuwa, da yamma a gasa kifi. Inna ce mai tukunya, kuma ita ke tare da 'yan mata a bukkarsu. Ban taɓa jin daɗin wani wuri a duniya kamar tudun yashin nan ba.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a roƙonsa a kansu. Yaro ba ya zuwa sai haƙorinsa na gaba ya fita. Bai yarda da shekarun da iyaye suke faɗa ba, ya ce uwa takan ƙara wa ɗanta shekara idan tana son ta huta da shi. Sai dai a buɗe baki ya gani da idonsa. Shi ya sa Auta ta shafe shekara guda tana girgiza haƙorinta da yatsa.

Bai yarda da gulbin ba ma, shi da aka haifa a bakinsa. Kafin yara su iso yakan shiga da doguwar sanda, ya bi ƙasan ruwan taku-taku, ya kakkafa itatuwa a inda ba a wucewa. Idan aka ce masa ai nan aka yi wanka bara lafiya lau, sai ya ce, "Na bara ya wuce. Wanga baƙo na, ban san shi ba." Ruwan da ba ya tafiya kuwa, irin na tabki mai katantanwa, ko ƙafa bai bari a sa, saboda tsargiya. Manyan gorunan da masu koyo suke kwantawa a kai, kowanne sai ya danna shi cikin ruwa ya kasa kunne ya ji ko yana shan ruwa. Yaron da ya ce "na iya" shi ne zai fi kowa daɗewa a ruwa iya gwiwa. Mutanen gari sun daɗe suna cewa yana da asirin ruwa, tun da bai taɓa rasa yaro ba. Da maganar ta kai kunnensa, tsaki ya yi ya ce masu faɗar haka so suke ya saki jiki.

Ni matsoraciya ce a shekarata ta farko. Sauran suna ta fantsama, ni ina tsaye a kan yashi ina ƙirƙiro ciwon ciki. Na zaci zai ɗauke ni ya jefa. Sai kawai ya kira ni ya ce, "Ke, ɗiyata, na ga ke ad da hankali cikin tumakin ga. Amshi shinkahwar Inna ki wanke muna." Ya nuna mini inda zan tsaya, ruwa iya idon sawu. Washegari ya ce wurin jiya ya gurɓace, in matsa gaba kaɗan. Haka kullum wurin jiya yake gurɓacewa, har ranar da na ga ƙwaryar tana yawo a daidai ƙirjina, ni kuma ina ta wanke shinkafa ban damu ba. Bai taɓa ce mini ya san ina jin tsoro ba. Sai da na yi aure na haihu na tambaye shi, ya ce shi bai tuna ba, wataƙila ruwan ne da gaske ya gurɓace.

Babbar dokar, wadda ta jawo masa baƙin jini, ita ce iyaye ba sa zuwa. Uba ko uwa, iyakarka bakin gari. Ka miƙa ɗanka ka juya. Ba ziyara, ba kawo abinci, ba leƙe daga nesa. Ko nasa 'ya'yan bai koya musu da kansa ba, wurin wani amininsa a Augie ya riƙa aika su. Kuma ba ya bayani. Idan aka matsa masa sai ya ce, "In ba ka yarda ba, riƙe abinka." Mu da muka tashi a ciki ba mu ga abin tambaya ba. Surukai da suka shigo dangin daga waje su ne abin bai kwanta musu ba, kuma a cikinsu ba wanda ya kai maigidana.

Gidansu mutanen cikin gari ne, tsoron ruwa suke kamar wuta. Da ɗan farinmu ya yi giɓi na ce za a kai shi, sai da muka yi mako muna ja. Ya ce, "Wane irin wuri na da ba a son uba shi gani? Abin kirki ba a ɓoye shi." Na ce ni da yake aure can na koya, ga ni da raina. Ya bari, amma ba don ya yarda ba. Shekarar farko yaron ya dawo baƙi wuluk, yana ta zuba labari, uban yana ta juya shi yana duba ƙafafunsa da kunnuwansa. A shekara ta biyu, ana tsakiyar hutu, ya ce mini zai je Jega sayen yadi. Ya hau babur ya fita da sassafe.

Abin da ya faru a bakin taubashina na ji shi, babban ɗan Kawu, wanda yake shiga ruwa da yara tun da ƙarfin tsohon ya fara raguwa. Kawu a lokacin zama yake a kan tudu da sandarsa, idonsa a kan ruwa, ba ya ko amsa sallama. Ashe maigidana ajiye babur ya yi wurin masu ban-ruwa, ya rarrafa cikin dogayen ciyayin bakin gulbi, ya kwanta a ciki tun hantsi. Rana ta dake shi, ƙwari suka yi ta cizonsa, bai motsa ba. Ba wanda ya gan shi sai ɗanmu, wanda ya hango hular da ya sani. Yaron nan da bai taɓa ƙetare iyaka ba ya saki goransa, ya wuce itatuwan da aka kafa, yana ɗaga hannu don uban ya ga yadda ya iya. Ruwa ya ja shi.

Kawu ne ya fara gani, ya daka wa babban ɗan nasa tsawa. Taubashina ya nutsa ya cafko yaron kafin ya yi nisa. Yana juyowa sai ga wani mutum ya faso ciyawa da riga da wando da takalmi ya faɗa ruwa, mutumin da ko a kwatami bai taɓa iyo ba. Dole taubashina ya jefa yaron kan gora ya koma ya jawo uban. Har yau idan yana so ya tsokane ni sai ya ce kifi mafi nauyi da ya taɓa kamawa mijina ne, kuma ban biya shi ladan dako ba.

Aka shimfiɗe su a kan yashi suna amai. Kawu bai tashi daga inda yake ba sai da ya sa aka fito da duk yaran. Sannan ya tako ya tsaya a kan maigidana.

"Ka ishe abin da kaz zaka nema?"

Maigidana yana tari ya ce, "Na zaka in ga ko ana duban su na, Baba."

"Ana duban su, har kaz zaka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya sa Inna ta ba shi busasshen zane da fura, ya sa aka raka shi wurin baburinsa. Yaron kuwa washegari ya mayar da shi ruwa, ya ce ba shi da laifi, kowane ɗa haka yake yi idan ya ga ubansa. A ranar ne muka fara jin dalilin dokar, mu da muka bi ta tun muna yara.

Na yi fushi da maigidana fushin da ban taɓa yi ba. Na ce ya je ya ba Kawu haƙuri. Ya ce ya yarda ya jawo abin da ya faru, kuma zai mutu da nauyinsa, amma ba zai ce ya yi nadamar zuwa ba. "Ɗana na. Ban san mutum ba, an ce in ba shi ɗana in ruhe ido." Kawu ma bai neme shi ba. Daga nan har shekarun da suka biyo baya, tsakaninsu sai "lahiya" da "lahiya lau". A wurin suna ko ɗaurin aure, idan ɗaya ya zauna a gabas ɗaya yana yamma. Ni ce a tsakiya, ina kai gaisuwar da ba wanda ya aiko ni da ita.

Don haka ranar da taubashina ya bugo waya ya ce jikin Kawu ya yi tsanani, yana son ganin "telan ga", sai da na sa ya maimaita. Ni ce 'yar ƙanwarsa, ni ya goya, amma ba ni ya kira ba. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Maigidana ya je ya dawo, ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon Auta tana cin tuwo. Ba a jima ba Kawu ya rasu.

Bayan an share makoki sai mutumin nan ya canza. Shi da ba ya barin shago ko da zazzaɓi, sai ya riƙa rufewa da azahar ya hau babur, ba ya dawowa sai magariba. Idan na tambaya sai ya ce aiki ya kai wa wani. Ni kuwa jinin Kawu ce, ba a yi mini haka. Na fara duba wandunansa kafin in wanke. Baƙar laka ce a ƙafafun, mai danƙo, wadda ba a samunta a cikin Birnin Kebbi. Raɗar matan nan ta dawo mini. Na ce shi ke nan, tsoho ya ba shi wani yanki na fadama a ɓoye, yana zuwa dubawa bayan idon magada. Na hango ranar da maganar za ta fito, a ce mijin 'yar ƙanwa ya shiga ɗakin mai jinya ya fito da gona. Da wane ido zan kalli Inna?

A gefe guda ga Auta. Kullum sai ta tambaya saura yaushe hutu. Na buga wa taubashina na ce ko bana za a je tunga, ya ce za a je, Kawu ya bar wasiyya kada a fasa. Na yi hamdala na gaya wa yarinya, ta yi ta tsalle. Na ce masa, "To kai kana cikin ruwa, wa zai zauna a tudu?" Sai ya yi dariya ya ce in tambayi kifin da ya kamo mini. Na ɗauka tsokanarsa ce ta kullum, na ce Allah ya shirye shi, na kashe waya.

Wata Juma'a da ya dawo daga masallaci na ɗauko wandon jiya na shimfiɗa a gabansa, lakar tana sama. Na ce ba zan wanke ba sai na ji gonar wa yake takawa. Ya kalli wandon, ya kalle ni, ya tura Auta sayen ashana.

"Ba gona ta ba," ya ce. "Gulbi na. Ɗan'uwanki ka nuna mani ƙasan ruwa, inda rami yake da inda yashi ka zamewa. Yanzu har na hwara iyo kaɗan."

Na ce a kan me?

"Baba yac ce in zauna mai bisa tudu."

Na zauna a ƙasa ban shirya ba. Ya ci gaba a hankali, kansa a sunkuye. Ya ce da ya shiga ɗakin, Kawu bai ko amsa gaisuwarsa ba, ya ce ya rufe ƙofa. Kawu ya ce masa tun yana saurayi mutane suke miƙo masa 'ya'yansu su juya, kamar masu kai awaki kiwo. Suna zaginsa a bayan ido, suna cewa yana da asiri, amma ba wanda ya taɓa tasowa ya zo ya ga ko ƙarya yake yi, sai mutum ɗaya. Ya ce ɗansa, wato taubashina, ya fi shi iya ruwa, amma yarda ta yi masa yawa, kowa abokinsa ne, ko gulbi ya yi masa murmushi sai ya amsa. Zaman tudu ba iyo yake so ba. Mutum yake so wanda zai iya kwanciya cikin ciyawa ƙwari na cizonsa bai ɗauke ido ba.

Na ce, "Bai ce ya yafe maka ba?"

"A'a. Ni ma ban ce shi yahe ba."

Dariya ta kama ni, hawaye na zuba. Wato duk shekarun nan da nake wahalar sasanta su, tsohon nan ajiye mutumin ya yi yana kallonsa, kamar yadda yake danna gora cikin ruwa. Na ce to me ya sa ka ɓoye mini abin alheri? Ya juya yana kallon ƙofar da Auta ta fita. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: idan shi ne a tudu, Auta ba za ta je tunga ba.

Na ce, "A'a. Wallahi a'a. Mai dokar ya tafi da dokarsa."

Ya ce shi ma ya tambayi Kawu maganar Auta kafin ya amsa. Kawu ya ce masa, "In ba ka iyawa, hwaɗi tun yanzu, in nemi wani." Kuma su duka biyu sun san babu wanin. Na ce a kai ta Augie mana, inda 'ya'yan Kawu suka koya. Ya ce ya je. Aminin Kawu ya riga shi rasuwa, waɗanda suka gaje shi kuwa ya same su suna danna waya a bakin ruwa, yara na ciki. Ya tambaye ni ko zan ba su ita. Ni kuwa ko kazata ba zan ba su ba. Na ce to ka ƙi aikin, ka ce ka fasa. Ya ce idan ya fasa, tunga ta mutu, ko kuma a je ba kowa a tudu, kuma a hakan ma ba zai bar 'yarsa ta je ba. Ta kowace hanya na bi, sai in tarar ya riga ni zuwa can.

Muka yi ta tura wa juna wanda zai gaya mata. Ni na ce shi ya ɗauko, shi zai sauke. Shi kuma kullum sai ya ce gobe. Har hutu ya zo muka tafi Argungu, yarinya da tabarmarta da ta naɗe da kanta ta ɗaure da tsumma.

Da safe yara suka cika tsakar gidan Inna, kowa da kayansa a ka. Iyaye suna ta kallon maigidana a kaikaice, don labari ya bazu, kuma ba kowa ya gamsu ba. Na ji wani yana cewa tela da gulbi ina aka haɗu. Shi kuwa yana bin yaran ɗaya bayan ɗaya yana cewa su buɗe baki. Ya mayar da wani da uwarsa ta rantse ya isa. Da ya zo kan Auta, ta wangale masa tun kafin ya ce. Ya durƙusa a gabanta, ya sauke tabarmar daga kanta, ya gaya mata. Ban ji duk abin da ya ce ba. Na ga dai fuskarta tana canzawa.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta san labarin wanta, an sha ba ta shi. Ta yi tunani, sannan ta ce, "Ba ni ce maka Baba. In ce Malam, kamar sauran. Ba ni ko duban inda kake. Wallahi ba ni wuce itace."

Ya ce, "Na sani. Ke kina iyawa."

"To mi?"

"Ni na ba ni iyawa. In kina cikin ruwa, ke ɗai za ni duba. Ɗiyan mutane hwa?"

Ya miƙe da sauri ya ɗauki sanda, ya ce wa taubashina su tafi rana na yi. Ban taɓa ganin bayansa ya yi nauyi haka ba. Inna, da ba ta fita saboda takaba, tana kallo daga ƙofar ɗakinta. Ta girgiza kai ta ce, "Allah shi jiƙan ka, tsohon ga, shi haskaka makwancinka. Ko da kat tahi ba ka bar mutane sun huta ba." Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa, ko da yake a safiyar nan da yana kusa da sai ya ji bakina.

Hayaniyar yaran ta yi ta nisa har ta ɓace. Iyaye suka watse. Auta ta zauna a kan tabarmarta da ba ta kwance ba, a tsakiyar gida, tana haƙa ƙasa da yatsan ƙafa. Na kawo mata koko ta ƙi. Can ta ɗago ta ce, "Mama, to baɗi?"

Na ce Allah ya kai mu. Ban iya gaya mata ba cewa baɗi ma shi ne ubanta.